Yaya Salisu Mai Hoto da Atamfar Iya Nasiru

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kashe yayana Salisu a cikin shagonsa na ɗaukar hoto a Sabon Ibadan, da rana tsaka, kuma har yau ba a kama kowa ba. Duk shekara idan watan ya zagayo, waina nake sa a soya a raba wa maƙwabta sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Mutumin da ya mutu ko a rediyo ba a ambace shi ba, yanzu an rubuta sunansa da manyan haruffa a bangon wani zauren baje kolin hotuna a Legas, ana kiransa gwanin fasaha, mu 'yan uwansa kuma ana ta yi mana barka. Ni ban ga abin barka ba. Akwai alkawarin da ya yi wa wata baiwar Allah a unguwarmu, ya riƙe shi har ya koma ga Mahaliccinsa, aka zo aka karya a bayan ransa. Kuma ni ƙanwarsa aka tura in gyara ɓarnar.

Ga wanda bai san mu ba, Sabo unguwar Hausawa ce a tsakiyar Badun, wato Ibadan, kafaɗa da kafaɗa da Mokola. Fataucin goro ne ya kawo kakanmu, mu kuma a nan aka yanke mana cibi. Yaya bai gaji goro ba. Tun yana saurayi ya maƙale wa wani Bayarabe mai hoto a Mokola, Baba ya yi faɗan, ya yi dukan, ya gaji ya zuba masa ido. Da aka yaye shi sai ya buɗe nasa shagon a bakin layinmu, ya rataya labule mai zanen jirgin sama da furanni. Amare da maniyyata da masu jego na Sabon wancan zamani, da wuya ka samu wanda bai tsaya gaban labulen nan ba. Yarbawa suka sa masa Baba Foto, har sunan ya bi bakinmu mu ma.

Amma akwai aikin da ba a gaban labule yake yi ba. A lokacin 'yan sanda ba kasafai suke da mai hoto nasu ba, in ma akwai kyamara to babu fim. Saboda haka in an yi kisa, ko an fasa shago, ko an tsinci gawa a hanyar Ojoo ko can cikin gonakin Akinyele, sai a aiko a ɗauke shi a babur. Yana da tsarinsa da ba ya saɓawa. Daga nesa yake farawa, ya ɗauki wurin gaba ɗaya, sannan ya matso, sannan ya durƙusa. Akwai wata rular katako a aljihunsa da yake ajiyewa kusa da rauni ko sawun ƙafa don a san girmansa. Ba ya taɓa komai, ba ya bari a taɓa. In ya dawo gida ranar ba ya cin nama, ba ya kuma hira. Na taɓa tsokanarsa na ce, mutum yana ɗaukar amare da safe, gawa da yamma, wane irin ido ne wannan? Ya ce da ni, na safe ado ne, na yamma shaida ce, kuma shaida ba a yi mata kwalliya.

Duk inda aka kai shi yana samun abin da ya je nema, ban da gida. Da mutanen Sabo ya yi yaƙinsa mafi tsawo, kuma mu muka ci shi da yaƙi. Mu a nan, mutum ba ya faɗuwa a bar shi a tone. Kafin labari ya kai caji ofis, wata ta jefa masa zane. Samari sun ruga inda ake gini sun ciko kwanon sarki da yashi sun zuba a kan jinin. Wani dattijo ya ɗauke wuƙar ya cilla a kwata don kada yara su yi wasa da ita. Wani ya haɗa takalman mamacin ya jera su a gefe. Kafin la'asar an yi wanka, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Wannan muke kira mutunta mamaci, kuma ban ce ba mutunci ba ne. Sai dai duk ranar da aka yi haka, Yaya kan iso da kyamararsa ya tarar da tulin yashi da wuri sharre, ya tsaya yana cizon yatsa.

Babu majalisar da bai shiga ba a kan wannan magana. Ya bi masu goro a rumfunansu, ya bi mahauta, ya tsaya ƙofar masallaci bayan an idar da salla. Roƙonsa ɗaya ne, a jira shi ya zo, ko da na tsawon shan kofin shayi ne. Sai a ce masa, "To Malam Salisu, ai gaskiyarka, in Allah ya yarda." Rana ta gaba da abin ya faru, kwanon sarki ya riga shi isa. Wasu ma a bayan idonsa cewa suke yi yawan zama da 'yan sanda ya busar masa da zuciya.

Haka aka yi ranar da aka soke Nasiru. Saurayi ne ɗan layinmu, yana sauke huhunan goro daga mota. Gardama ta haɗa shi da wani da hantsi, a gaban mutane, kafin a ce a raba ya faɗi. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya Nasiru, matar kulle ce, alala take yi a cikin gida yara na kai mata talla, ko zaure ba a saba ganinta ba. Ranar ta fito titi a guje ba mayafi ba takalmi. Da ta iske ɗanta kwance idanu a kansa, sai ta kwance atamfar da ke ƙugunta, ta rage daga ita sai siket ɗin ciki, ta lulluɓe shi, ta zauna a ƙasa ta danne bakin zanen da hannunta. Duk wanda ya san matan Sabo ya san abin da hakan ke nufi ga mace irinta.

Yaya ya iso an riga an zuba yashi. Ya durƙusa ya roƙe ta ta ɗaga zanen kaɗan ya ɗauki raunin. Ta ƙi. Ya yi magiya, ya haɗa ta da Allah, ya ce don ɗanta yake yi. Ko kallonsa ba ta yi ba. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya ce to ta bar shi ya ɗauka a haka. Nan ne ta ɗago kai.

"Malam Salisu, ka ga yadda nake. Ka ga yadda yake. Wa zai gani?"

"Iya Nasiru, na rantse da Allah, bayan idona ba idon da zai ga hoton nan sai na alƙali."

Ya gyara tsayuwa yadda fuskarta ba za ta shiga ba. Abin da ya fito shi ne atamfa mai ruwan ganye da siffar mutum a ƙarƙashinta, tulin yashi a gefe, da hannun mace ɗaya a kan bakin zanen.

Alƙali ya gani, kamar yadda aka yi alkawari, kuma bai ga komai ba. Lauyan wanda ake tuhuma ya ɗaga hoton ya ce a nuna masa rauni, a nuna masa wuƙa, a nuna masa takardar likita. An binne Nasiru tun ranar, ba likitan da ya duba shi. Shaidun da suka cika titi kuma kowa ya tuna yana da tafiya Arewa. Aka kori ƙarar. Yaya ya dawo daga kotu ya rufe shago tun azahar. Na kai masa abinci na iske shi zaune da hoton a hannu, ya ce mini a duk hotunan da ya ɗauka a rayuwarsa babu marar amfani kamar wannan. Bai ƙone fim ɗin ba, domin yana cewa shari'ar kisa ba ta tsufa, wata rana ana iya nema. Ya sa shi cikin gwangwanin biskit tare da sauran, ya kulle a akwatin ƙarfe. Ko matarsa ba ta taɓa ganin cikin akwatin nan ba.

Shekaru suka ja, kowa ya samu waya mai kyamara, 'yan sanda suka daina aiko da babur. Yaya ya koma hoton fasfo da na makaranta. Ranar da ajalinsa ya zo, wasu suka shiga shagon kamar masu son hoto, suka fita da kyamarorinsa, suka bar shi a gaban labule. Ina gidan mijina a Akinyele aka yi mini waya. Kafin in keta cunkoson Ojoo in iso, masoyansa sun gama aikinsu. An lulluɓe shi, an zuba yashi, an kwashe yashin, an wanke daɓen tas, har da turaren wuta. Mutanen da ya yi shekaru yana roƙo su jira, su ne suka yi masa gatan da suka iya, suna kuka suna sharewa. Washegari 'yan sanda suka zo suka leƙa shago mai tsabta, suka yi mana ta'aziyya suka tafi. Mutumin da ya ɗauki hoton gawawwakin garin nan ba adadi, tasa ba ta samu ko ɗaya ba. Na daɗe ina jin haushin maƙwabtanmu, kuma ban san da wane baki zan faɗa musu ba.

Akwatin ƙarfen ya faɗa hannun babban ɗansa, Mubarak, wanda yanzu yake ɗaukar bidiyon biki. Bara ya haɗu da wata matashiya mai suna Folake, wadda ta yi karatun fasaha a waje, sana'arta kuma neman tsofaffin hotuna tana shirya musu baje koli. Ashe yanzu akwai masu ilimi da masu hali da suka mai da hotunan wuraren kisa abin rataya a bango, ana kallo ana jinjina kai kamar yadda ake yi wa zanen gwanaye. Mubarak ya fasa kwaɗon, ya kai mata gwangwanayen, ya sa hannu a takardar da ta mallaka musu fina-finan. Bai shawarci kowa ba, ni kuwa da nake goggonsa a bakin duniya na ji.

A bakin Iya Nasiru ma na ji. Surukarta ce ta ga tallar baje kolin a waya, ta ga atamfa mai ruwan ganye, ta kai mata tana tambaya ko ba wannan ce ake ba da labari ba. Hoton da suka zaɓa ya zama fuskar tallar ke nan, cikin dukkan abin da ke akwatin. Tsohuwar ta aiko a kira ni. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma ta gane hannunta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Rabi, yayanki ya rantse mini. Shi ba ya nan, ke kina nan. Ki je ki ce su sauke mini zanena."

Daga gidanta ban zame ko'ina ba sai ɗakin Mubarak. Na wanke shi tas, ban rage masa komai ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Goggo, abeg ki saurare ni. Baba ya mutu just like that, ba kotu, ba komai, kamar an yanka kaza. Yanzu mutane daga abroad suna zuwa kallon aikinsa. Wannan ba honour ba ne?" Na ce aikin na ubanka ne, amma gawar ɗan wa ce? Ya sunkuyar da kai. Ba zan yi masa ƙarya a jarida ba, yaron nan ba mugu ba ne. Maraya ne da ya ga an share jinin ubansa kamar an zubar da koko, ya girma yana neman inda za a ce uban nan ya taɓa rayuwa. Bai san da rantsuwar ba, domin wanda ya yi ta ba mai surutu ba ne. Sai dai rashin sani bai sauke hoto daga bango ba. Na ce ya shirya ya raka ni Legas.

Zauren fari ne fat, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa, mutane na yawo a hankali da kofuna a hannu suna magana ƙasa-ƙasa. Na bi bangon da kallo. Babu hoto ko ɗaya daga cikin waɗanda Yaya ke alfahari da su, waɗanda rularsa ta fito, rauni ya fito, aka ɗaure mai laifi saboda su. Waɗannan an bar su a gwangwani, wai sun yi tsanani. Abin da aka zaɓo aka faɗaɗa aka sa wa firam duk na Sabo ne. Tulin yashi a bakin kwata. Takalma a jere ba mai su. Tabarma a kan wani abu. Daɓe sharre da sawun tsintsiya. Duk ranar da ya makara, duk ranar da muka riga shi, duk ranar da ya dawo gida yana huci, ga su nan an jera. Ba sunan mamaci ko ɗaya, sai lamba.

A bakin ƙofa an yi dogon rubutu da Turanci. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na karanta abina ba tare da tafinta ba. Wai Salisu mai hoto ne mai kunyar ido, wanda ya zaɓi ya kau da kai daga jini ya ɗauki shirun da mutuwa ke bari. Dariya ta kuɓuce mini, irin wadda ta fi kuka ciwo, har wani mai gilashi ya juyo ya harare ni. Ya zaɓa? Mutumin da ya durƙusa a titi yana roƙon uwa ta ɗaga zane? Jinin yake nema ruwa a jallo, domin jini alƙali ke dubawa. Mu muka hana shi, yau kuma an ba shi lambar yabo a kan abin da muka yi masa.

Hoton Nasiru shi kaɗai aka ba bango guda, ya fi ƙofar ɗaki girma. Zan faɗi abin da ya fi ƙona mini rai, domin ban zo nan don in ɓoye ba. Hoton yana da kyau. Hasken hantsi ya sauka a kan atamfar, kowane zare ya fito, jijiyoyin hannun nan kamar ka taɓa. Na tsaya ina kallo, na manta kaina na ɗan lokaci, sannan na tuna cewa ina cikin idanun da aka rantse ba za su gani ba. Wasu mata biyu suka zo suka juya masa baya suka ɗauki kansu a waya suna murmushi. A gefen firam ɗin akwai wani ɗan jan ɗigo da aka manna. Na tambayi Mubarak, ya ce alamar an saya ke nan.

Folake ta zo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, yarinya mai ladabi, ban same ta da raini ba. Da Yarbanci muka yi magana. Na zayyana mata komai, yashin, kotun, siket ɗin ciki, rantsuwar. Na ɗauka in ta ji za ta ce a kawo tsani. Idonta ya ciko da hawaye, ta riƙe hannuna, ta ce, "E jo Mama, don Allah, wannan labarin ya ƙara wa hoton nauyi. Za ki yarda ki maimaita mu naɗa, masu kallo su riƙa ji?" Ta ce za su rubuta sunan Nasiru a ƙasa, za su aiko da mota a ɗauko mahaifiyarsa ta zama babbar baƙuwa. Matar da ta tuɓe zanenta a titi don kada a kalli ɗanta, ita za a zaunar a kujerar gaba a tafa mata.

Na ce ba suna aka aiko ni nema ba, saukewa aka ce. Nan ta shiga yi mini bayani a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. Wanda ke bangon ya zama na mai saye, kuma ba a faɗin sunan mai saye. An riga an buga littafi da hoton a bangonsa. Baje kolin zai wuce ƙasar waje in an gama a nan. Ko da ta sauke wannan, in ji ta, yana cikin wayoyin mutanen da ba ta san iyakarsu ba. Ta ce ta yi nadama ƙwarai, kuma na yarda ta yi. Na ga dai nadamar ba ta kai ta ga taɓa firam ɗin ba. Muka kamo hanyar Badun ni da Mubarak.

A motar nan na yi ta tunanin abin da Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Burinsa ya cika ta hanyar da bai roƙa ba. Yau in mota ta buge mutum a shataletalen Mokola, ba mai saurin jefa zane, ba mai gudu neman yashi. Kowa waya yake zarowa. Gawa na kwance a buɗe, an kewaye ta ana ɗauka ta kowane gefe, kafin a sanar da uwar mamaci ta gan shi a wayar maƙwabciya. Hotunan sun yi yawa har sun zama shara, kuma ban ji an ce ɗaurin masu laifi ya ƙaru ba. Ina jin da zai ga haka, shi da kansa zai ɗauki kwanon sarki. Ya so a bar gawa a buɗe don ido ɗaya, mai hukunci. Bai taɓa neman a bar ta don 'yan kallo ba, na titi ne ko na zaure mai sanyi, kuma ni ban ga bambancinsu ba sai na tufafi.

Na yi kwanaki ina kewaye-kewaye kafin in iya shiga gidan Iya Nasiru. Na same ta a tsakar gida tana ƙulla alala a ganye, har yanzu ba ta bar sana'ar ba. Na zauna na faɗa mata yadda muka yi, ban rage ba ban ƙara ba. Hannunta bai tsaya ba har na gama. Sannan ta ce:

"Na rufe shi don kada a kalle shi. Aka ce mini saboda rufewar nan aka saki wanda ya kashe shi. Na ce na ji, na ɗauka, in da za a sake ma sai in sake rufewa. Da wannan nake lallashin kaina duk shekarun nan, cewa na rasa shari'a amma na sutura ɗana. Yanzu ga shi shari'ar babu, kuma an kalle shi."

Na ce, "Iya, ba Yaya ya yi ba. Har ya mutu ba wanda ya gani."

Ta ce, "Na sani, Rabi. Amma da ya ƙone."

Yaya ya ajiye fim ɗin ne don yana sa ran adalci, sa ran nan kuwa shi ya kai hoton Legas.

To me ya rage na Salisu Baba Foto bayan shekara goma sha ɗaya? Shagonsa ya zama wurin sayar da caja da murfin waya. Hotunan amaren da ya ɗauka suna cikin akwatuna suna cin danshi, wasu amaren ma sun bi shi. Wanda ya kashe shi yana wani wuri yana cin abinci. A Legas yana da bango da littafi da suna, kuma an ce sunan zai haye teku, a kan aikin da shi kansa ya kira marar amfani. Abin da na ɗauka ba mai iya taɓawa shi ne wanda ya bari a bakin mutanen Sabo, cewa mutum ne da in ya ce ba za a gani ba, to ba za a gani ba. Da wannan nake taƙama, fiye da gida ko gona da bai bari ba.

Tun ranar da aka binne shi, ban taɓa fita daga gidan Iya Nasiru ba sai ta bi ni da addu'a, ta ce Allah ya ji ƙan Salisu, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mata. Ko a hanyar asibiti muka haɗu sai ta faɗa. Ranar nan da na kai mata labarin Legas, na yi mata sallama na miƙe. Na tsaya a bakin ƙofa ina gyara mayafin da bai karkace ba. Na sa takalmi, na cire, na sake sawa. Ta ɗago kai daga kan ganyenta ta ce, "Ki gaida gida."

Na san a cikinku masu karatu akwai waɗanda za su yi masa addu'a in sun kai nan, kuma na gode, Allah ya karɓa. Amma ba ku ya yi wa rantsuwa ba.